Fararen ƙwayoyin jini sun hau, a sha maganin Indiya? Abin da Ayurveda ke cewa da abin da asibiti ke cewa

Mutum ne ya kwana uku yana fama da zazzaɓi da kasala, ya je asibiti aka rubuta masa FBC, wato gwajin ƙirga ƙwayoyin jini, ya biya aka ɗebi jini, bayan awa biyu ya karɓo rizol. Duk layukan da ke takardar babu wanda ya gane sai guda ɗaya, inda aka rubuta WBC, wato fararen ƙwayoyin jini, 13.8 da wani ɗan harafin H a gefe, alamar abin ya haura. Kafin layi ya zo kansa wajen likita ya riga ya zaro waya ya hau bincike, kuma cikin abubuwan da za su fara fito masa akwai tallan maganin gargajiyar Indiya, wato Ayurveda, wannan ya ce a sha giloy, wancan ya ce ashwagandha da madara, wani kuma ya ce cokali ɗaya na chyawanprash safe da yamma zai daidaita jini ya ƙarfafa garkuwar jiki.

To a nan kai ke ɗaurewa. Tun a firamare aka ce mana fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki. In sojoji sun riga sun yi yawa, me kuma za a ƙarfafa? Ƙara su maganin zai yi ko rage su? Masu tallan dai ba sa tsayawa a kan wannan tambayar, wucewa suke yi kai tsaye zuwa farashi.

Ita lambar me take faɗa?

A ɓargo ake ƙera fararen ƙwayoyin jini, kuma kala biyar ne. Niyutrofil su ne mafi yawa a yawancin manya, su ke fara isa duk inda bakteriya ta shiga, mugunyar da ke fita daga maruru ma akasarinta gawarsu ce. Limfosayit ke bi musu, su ne masu faɗa da bairos da riƙe tarihin cutar da jiki ya taɓa haɗuwa da ita. Sai monosayit, da iyosinofil masu tashi in akwai tsutsar ciki ko tsargiya ko asma ko borin jini, sai basofil da ba su da yawa. A babban mutum ana sa ran jimillarsu ta tsaya tsakanin 4,000 da 11,000 a kowane ɗigon jini da bai fi kan allura ba, shi ne ake rubutawa 4.0 zuwa 11.0 a takardar lab.

In ta wuce 11 ba sunan wata cuta aka samu ba, alama ce kawai cewa ruwa ba ya tsami banza. Nimoniya na tayar da ita, ciwon mafitsara, afendis, ruɓaɓɓen haƙori, ƙuna, tiyata, shan taba, kai har gudu mai tsanani ko firgici na iya ɗaga ta na 'yan awanni. Mai juna biyu a watannin ƙarshe takan kai 15 lafiyarta ƙalau, lokacin naƙuda ma ta wuce 20. Jarirai dama tasu a sama take. Masu sikila da yawa lambarsu a sama take zaune ko ba sa cikin ciwo. Sannan akwai magunguna, musamman irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke saya a kemis don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, su ma suna ɗaga niyutrofil ba tare da wata ƙwayar cuta ba. Abin da mutane ba su cika sani ba kuma, maleriya da taifot da muka fi zargi yawanci ba sa ɗaga lambar, sukan bar ta daidai ko ma su sauke ta.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma suna da wani tsarin gado a jini da ake kira rashin Duffy, wanda ke sa niyutrofil ɗinsu zama ƙasa da na Bature ba tare da wata illa ba. Kenan wanda asalin tasa 4 ce, in ta kai 10 ta ninka fiye da sau biyu amma takarda ba za ta sa masa H ba. Shi ya sa likita ke haɗa lamba da majiyyaci, ba ya karanta ta ita kaɗai.

Kaso kaɗan ne ke zama kansar jini, amma shi ne kason da ba ya son jinkiri. A nan lambar kan kai 50 ko 100 ko fiye, ko kuma ba ta yi yawa sosai ba amma jini ya yi ƙasa, ƙwayoyin daskarar da jini sun ragu, ga rama, ga gumin dare, ga kaluluwa da ba ta sauka, ga saifa ta kumbura. Na'ura ƙirga kawai take yi, sai an shafa jinin a gilashi an duba da madubin likita ake ganin ko ƙwayoyin lafiyayyu ne ko ɗanyu ne da ba su nuna ba.

Yadda Ayurveda ke kallon jiki

Kalmar daga harshen Sanskrit take, ma'anarta ilimin rayuwa. Manyan littattafanta, Charaka Samhita da Sushruta Samhita, sun kai kimanin shekara 2,000, alhali su fararen ƙwayoyin jini sai a ƙarni na 18 da na 19 aka fahimce su, sunan lukimiya ma a 1847 Bajamushe Rudolf Virchow ya raɗa shi. Don haka babu babin WBC a tsofaffin littattafan, duk abin da ake rubutawa yau a kai fassara ce ta masu aikin na zamani.

A tsarinsu jiki na tafiya ne a kan abu uku da suke kira dosha: vata mai alaƙa da iska da motsi, pitta mai alaƙa da zafi da narkewa, kapha mai alaƙa da danshi da majina. Lafiya ita ce daidaituwarsu. Akwai agni, wutar da ke narkar da abinci, in ta yi rauni sai abincin da bai narke ba ya zama ama, wani irin datti mai yauƙi da suke cewa yana toshe hanyoyin jiki. In kuwa komai ya narke yadda ya kamata, daga ruwan abinci zuwa jini zuwa tsoka zuwa kitse zuwa ƙashi zuwa ɓargo zuwa maniyyi, tataccen abin da ke fita a ƙarshe shi ne ojas, shi suke ɗauka a matsayin tushen ƙarfi da juriyar cuta. Wanda ya saba jin masu maganinmu na cewa zafi ya yi wa mutum yawa, ko sanyi ya kama shi, ko yana da dattin ciki, ba zai ji wannan baƙo ba.

To in aka kawo wa likitan Ayurveda na yau rizol mai 13.8, yawanci zai fassara shi da cewa pitta ta tashi, jini ya gurɓata, ko ama ta taru. Daga nan sai magani: a rage abinci mai nauyi da yaji da soye-soye, a koma kan ruwan ɗumi da faten shinkafa da wake mai laushi, a ba da tsirrai masu ɗaci, wani lokacin a yi wankin ciki da suke kira virechana, ɗaya daga cikin hanyoyi biyar na tsarkake jiki da ake kira panchakarma. Cikin biyar ɗin a wata ƙirgar har da fitar da jini, da matsattsaku ko da ƙaho irin na wanzamanmu.

Ɓangaren da 'yan kasuwa suka fi so shi ne rasayana, magungunan ƙarfafa jiki da jinkirta tsufa. Sai dai akwai wata ƙa'ida a cikin littattafan kansu da tallan ba ya faɗa. Sun ce rasayana ba ta aiki a jikin da ba a tsarkake ba, har suka kwatanta da rini a kan ƙazamin ƙyalle, wanda duk ɗan marina ya san ba ya kamawa. Kuma a sabon zazzaɓi abin da suka fara umarni da shi rage ci ne, ba ɗura kayan ƙarfi ba. Kenan mai zazzaɓi na kwana uku da ya sayi kwalbar ƙarin garkuwa ya fara sha, ko a ma'aunin Ayurveda ɗin ma ya saɓa tsari.

Tsirran da ake ta ambata

Giloy, ko guduchi, wata kurangar daji ce mai ganye kamar zuciya da ke naɗe bishiya, 'yan Indiya sun fi daraja wadda ta hau darbejiya. Karanta ake yankowa, kaurin yatsa, a daddaka a tafasa har ruwan ya koma kwata, a tace a sha da ɗacinsa. Ashwagandha saiwa ce, ana nika ta a sha da madara. Chyawanprash kuwa wani baƙin maɗi ne mai danƙo, tushensa 'ya'yan amla masu tsami, a haɗa da man shanu da sukari da zuma da tsirrai kusan arba'in, kamfanoni irin su Dabur da Patanjali na sayar da shi a manyan robobi. Sai tulsi, 'yar'uwar ɗaɗɗoyarmu, da kurkum wanda wasu ke kira gangamau, da ita darbejiyar da dama daga can aka kawo mana ita zamanin Turawa.

Abin lura a nan shi ne binciken da ake kafa hujja da shi. Tun ƙarshen shekarun 1980 Sharadini Dahanukar da Urmila Thatte a kwalejin likitanci ta Seth G.S. da ke Mumbai suka gwada giloy a kan ɓeraye, abin da suka gani shi ne yana ƙara yawan fararen ƙwayoyin jini, yana kuma rage faɗuwar da suke yi in an ba dabba maganin kansa. An ga makamancin haka da ashwagandha, ita ma a ɓeraye. Wato in ma an ɗauki binciken yadda yake, magana yake a kan wanda lambarsa ta faɗi, ba wanda tasa ta hau ba.

Masu kare Ayurveda suna da amsa. Sun ce tsirran nan masu daidaitawa ne, in garkuwa ta yi ƙasa su ɗaga ta, in ta yi sama su kwantar da ita. Likitocin asibiti kuma suka ce magana ce mai daɗin ji amma babu wani babban gwaji a kan mutane da ya nuna giloy ko ashwagandha na sauke WBC ta hanyar kawar da abin da ya ɗaga ta. Inda ashwagandha ke da ɗan abin nunawa shi ne barci da damuwa, a ƙananan gwaje-gwaje na wata biyu zuwa uku.

Yadda garkuwa ta zama kasuwa

Gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata sukutum ta magungunan gargajiya a Nuwamban 2014, ana kiranta Ayush, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kafa cibiyarta ta maganin gargajiya a Jamnagar da ke jihar Gujarat. Amma korona ce ta buɗe kasuwar sosai. A 2020 ma'aikatar ta shawarci jama'a su riƙa shan wani shayi na tulsi da kirfa da busasshiyar citta da masoro, da madara mai kurkum, da chyawanprash, duk da sunan garkuwa. A watan Yunin shekarar kamfanin Patanjali na malamin yoga Baba Ramdev ya fito da Coronil ya ce maganin korona ne, ma'aikatar ta ce ya dakatar da tallan, daga baya aka bar shi ya sayar a matsayin mai ƙara garkuwa. A nan za a gane amfanin kalmar ga ɗan kasuwa: in ka ce kana warkar da cuta za a ce kawo hujja, in ka ce garkuwa kake ƙarawa babu ma'aunin da za a kama ka da shi.

Ƙungiyar likitocin Indiya ta kai ƙara a 2022 kan tallace-tallacen kamfanin, a 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta tuhumi Ramdev da abokin aikinsa Balkrishna da raina kotu saboda sun ci gaba da tallan bayan sun yi alkawarin dainawa, sai da suka buga neman afuwa a jaridu kafin a rufe maganar.

Rigimar hanta

A 2021 likitar hanta Aabha Nagral da abokan aikinta a Mumbai suka wallafa rahoton mutum 6 da suka zo da ciwon shawara da kumburin hanta bayan shan giloy lokacin korona, kuma da aka duba tsokar hantar sai aka ga alamun garkuwar jiki ce ta juya tana cin hantar. Ma'aikatar Ayush ta ƙi yarda, ta ce mai yiwuwa wata kurangar ce mai kama da giloy aka sha, 'yar'uwarta da ake kira Tinospora crispa wadda dama an san tana taɓa hanta. A 2022 wani rahoton daga asibitoci da dama na Indiya ya kawo mutum 43 masu irin matsalar. Har yanzu kowane ɓangare na kan bakansa, ma'aikatar na cewa miliyoyi sun sha lafiya, likitocin hanta na cewa kaɗan ɗin da abin ya taɓa ai mutane ne, kuma wasunsu ba su san suna da wata larura a ɓoye ba sai da maganin ya tono ta.

Wannan ya shafi mai WBC a sama kai tsaye, domin cikin abubuwan da ke ɗaga lambar akwai cututtukan da garkuwa ke yaƙar jikin mai ita, irin su amosanin gaɓɓai mai kumburi. Mai irin wannan ana ba shi maganin kwantar da garkuwa ne, in ya haɗa da mai zuga ta ya zama ana tufka ana warwara.

Ashwagandha ma ba ta tsira ba. An samu rahotannin ciwon hanta daga Aisland da Amurka, tana iya ɗaga sinadarin maƙoshi na tayroid, kuma Denmak ta haramta sayar da ita a 2023 bisa rahoton wata jami'arta da ya nuna damuwa kan sinadaran jiki da masu ciki. Hukumomin Ayush sun ƙalubalanci rahoton, a yawancin ƙasashe kuma ana sayar da ita har gobe.

Abin da ba a rubuta a jikin kwalba ba

Akwai reshen Ayurveda da ake kira rasa shastra, inda da gangan ake saka ƙarafa irin su zaiba da dalma da arsenik bayan an ƙona su sun zama toka. Masu yi sun ce ƙonawa da wankewar da ake yi sau da yawa na kashe dafin. Masana guba sun ce dalma dalma ce ko an ƙona ta sau ɗari. A 2004 Robert Saper ya sayi magungunan Ayurveda 70 a shagunan Boston ya gwada, 14 na ɗauke da ɗaya daga cikin ƙarafan nan. A 2008 ya sake da guda 193 da aka saya ta intanet, sakamakon kusan ɗaya ne, ɗaya cikin biyar, kuma waɗanda aka haɗa a Amurka ba su fi na Indiya tsabta ba. Wanda ya tuna yaran da dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wani abin da ke ƙara rikita lissafi, guba na iya sauke lambar. A ƙarni na 19 likitocin Turai na ba masu kansar jini ruwan arsenik, fararen ƙwayoyin su ragu, saifa ta saɓe, bayan wani lokaci ciwon ya dawo. Saukar lamba kaɗai ba ta nufin an warke. A ɗaya gefen kuma an sha kama magungunan gargajiya da aka cakuɗa da sitiroid, wato irin su dexamethasone, a ɓoye don mai sha ya ji sauƙi nan take, shi kuma sitiroid ɗaga lambar yake yi, ya kuma rufe zazzaɓin da zai nuna akwai matsala.

Inda kowane ɓangare ke da gaskiya

Ba daidai ba ne a ce babu komai a tsirran Indiya. Reserpine, ɗaya daga cikin magungunan hawan jini na farko, daga saiwar sarpagandha ta Ayurveda aka tace shi a 1952. Shi kansa arsenik, ta hanyar maganin gargajiyar Sin ya dawo asibiti a shekarun 1970, yau yana cikin ingantattun magungunan wani nau'in kansar jini guda ɗaya, amma da awo da sa idon likita. Shawarwarin Ayurveda na yau da kullum kuma, barci a kan lokaci, barin taba, abinci mai sauƙi lokacin ciwo, motsa jiki, rage damuwa, babu likitan da zai yi musu da su, barin taba ma da kansa yana sauke lambar a hankali. Sannan likitan Ayurveda mai digirin fannin da ake kira BAMS shekara biyar da rabi yake yi yana karatu, ya san gwajin jini, na kirki a cikinsu in ya ga WBC ta kai 40 ko 60 turawa yake yi asibiti. Shi daban, mai tallan kafsul a TikTok daban.

Inda likitocin asibiti suka fi ƙarfi shi ne batun lokaci. Afendis da ya fashe ko nimoniya da ta shiga jini kwanaki suke bayarwa, ba makonni ba. Kansar jini mai tafiya a hankali da ake kira CML kuwa, tun da aka fito da maganin imatinib a 2001 masu ita da yawa ke rayuwa shekaru da ƙwaya ɗaya a rana, amma in aka bari ta rikiɗe ta koma mai gaggawa maganin ba ya cin ta kamar da.

Shi mai rizol a hannu fa?

Tambayar da ta fi amfani a ɗakin likita ita ce wane kala ne ya hau, domin a ƙasan WBC akwai layukan NEUT (niyutrofil) da LYM (limfosayit) da EOS (iyosinofil), su ke nuna inda za a nema. In iyosinofil ne, wataƙila gwajin bayan gida da fitsari da maganin tsutsa ne ƙarshen zancen. In babu wata alama mai tayar da hankali, sau da yawa cewa ake yi a dawo a maimaita bayan 'yan makonni. Duk abin da mutum ke sha, na kemis ne ko na Islamic kemis ko na Indiya ko jiƙon gida, faɗarsa ga likita na rage yawan gwajin da za a biya.

Citta da kurkum da masoro a miya ko a shayi abinci ne, ba su ne abin damuwa ba. Matsalar na farawa ne daga tataccen kafsul da ake sha kullum wata da watanni, musamman ga mai ciki, mai ciwon hanta, mai tayroid, wanda aka yi wa dashen ƙoda, da wanda ke kan maganin kansa ko na tsinka jini. Mai suga kuma ya sani chyawanprash kusan maɗi ne. A Najeriya lambar NAFDAC ta maganin gargajiya da ke ƙarewa da harafin L na nufin an duba shi ta fuskar illa an ba shi izini na wucin gadi, ba shaidar yana warkar da abin da aka rubuta ba ce, wanda ya shigo ta jakar matafiyi ko aka yi oda ta intanet kuwa ko wannan bai samu ba.

Shi kuma mutuminmu mai 13.8, abin da ya fi yiwuwa shi ne niyutrofil ne suka tashi saboda maƙogwaro ko ƙirji, a ba shi antibayotik in akwai buƙata, bayan sati uku ya maimaita ya ga 7. Da a ce a cikin satin ukun nan ya sha giloy, 7 ɗin dai zai gani, sai dai giloy zai yaba, kuma da zuciya ɗaya zai rubuta a ƙasan tallan cewa shi ganau ne ba jiyau ba.